Shawara ga Masu Batirin Sola

Ya 'yan'uwa mazauna Balan da kewayen Gaya da Ajingi, duk wanda Allah Ya hore wa batirin sola mai ruwa, mai ƙarfin bolt 12, lalle ya sani cewa ko an ajiye shi ba a mora ba, wutarsa zurarewa take yi sannu a hankali, har farin gishiri ya daskare a jikin darmarsa, ya mutu tun ajali bai zo ba. Maganin wannan illa kuwa, bayan ya cika, a bar shi jone da na'urar daidaita caji, tana ɗiga masa wuta tsakanin bolt 13.5 da 13.8. Wuce haddi, musamman a zafin bazara, ƙafar da ruwansa yake yi, saboda haka a riƙa ƙara masa tataccen ruwa, ban da na rijiya.