Ciki biyu, ɗaya a mahaifa ɗaya a waje: yadda ake gane shi da abin yi a Greensboro

'Yar'uwa, an yi miki sikanin, an ga ɗan tayi kwance a mahaifa, kowa ya yi hamdala, amma ciwon gefe guda na mara ya ƙi barinki. Kada a rufe magana don an ga wannan ɗaya. Akan samu ƙwai biyu su kama lokaci guda, ɗaya ya sauka a mahaifa, ɗayan ya maƙale a bututun da ƙwai ke bi. Likitoci suna ce masa cikin hetarotofik. Na bututun ba ya rayuwa, kuma in ya girma ya fasa wurin, jini zai yi ta zuba a cikin cikinki inda ido ba ya gani.

Fara da sanin matsayinki. A cikin da aka samu ba da magani ba, an daɗe ana ƙiyasta shi da 1 cikin 30,000. Ga wadda aka yi wa dashen ƙwai na IVF kuwa, yana iya kaiwa 1 cikin 100. Haɗarin yana ƙaruwa idan kin taɓa yin ciki a wajen mahaifa, ko an taɓa yi miki tiyatar bututu, ko kin yi fama da ciwon sanyin da ya hau sama. Sai maganin fitar da ƙwai irin su Clomid. Akwai matanmu da ake aiko wa da shi daga Kano ko Maraɗi, su sha a ɓoye saboda gorin haihuwa. Ba laifinki nake nema ba. Ki dai faɗa wa likita sunan maganin da lokacin da kika sha, ko ki tafi da kwalin, domin wannan kalma ɗaya ce za ta sa a duba inda da ba za a duba ba.

Sai lura da jiki, musamman daga mako na 5 zuwa na 10. Ciwo mai suka a gefe ɗaya na mara, jiri in kin miƙe, bugun zuciya da sauri, zufa mai sanyi, ciwon kan kafaɗa da ba ki san dalilinsa ba, ko jin kamar bayan gida ya matse ki alhali babu. Jini ta gaba yana iya fitowa, yana iya ƙin fitowa sam, don haka rashinsa ba shaidar lafiya ba ce.

Idan akwai suma, ko jiri mai ƙarfi, ko ciwon kafaɗa, a kira 911 nan take. Kada a jira maigida ya dawo daga aiki, kada ki tuƙa kanki, kada ki ci ko ki sha komai saboda ana iya shiga tiyata. In ciwon bai kai haka ba, ki je sashen duba masu ciki na cibiyar mata da yara ta asibitin Moses Cone, kan titin North Church, arewa kaɗan da tsakiyar gari. Dare da rana a buɗe yake. Waɗanda suka haihu a tsohon asibitin mata na Green Valley su sani an kwaso aikin zuwa nan tun Fabrairun 2020. Dokar Amurka ta 1986 ta wajabta wa sashen gaggawa ya duba ki ya tsayar da haɗari ko ba ki da inshora. Ki nemi tafintan Hausa ko Faransanci, ba a biya, kuma kada a sa yaronku ya fassara irin wannan zance.

A wurin dubawa, gwajin jini na hCG ba ya warware zancen, domin cikin mahaifar ma yana ɗaga shi. Abin dogaro shi ne sikanin da ake yi ta gaba. Ki roƙa da bakinki: a duba bututun biyu, da ma'ajiyar ƙwai, da ko jini ya taru a bayan mahaifa. Wani lokaci akan ga ƙullutun cikin da ke bututu a ɗauka jakar ruwan nan ce da ke fitowa a farkon ciki. In an sallame ki ciwon bai lafa ba, ki koma a sake, ko washegari ne.

In an tabbatar, yawanci tiyata ake yi ta ƙananan huda a ciki da kyamara, a cire bututun da abin da ke cikinsa ba tare da an taɓa mahaifa ba. In jini ya zuba da yawa, sai a buɗe cikin a yi ƙarin jini. Allurar metotireksat da ake yi wa mai ciki a waje kaɗai ba ta dace da ke ba, za ta cutar da na mahaifar. Idan wata ma'aikaciya ta ambace ta, ki tuna mata akwai ɗa a ciki. Ki kuma tambayi rukunin jininki, in Rh nagatif ne akwai allurar da za a yi miki.

Maigida, kada ka tsaya kai-kawo da tunanin zubar da ciki ne. Wanda ke bututu ba shi da hanyar fitowa duniya, jinkiri kuma yana iya tafiya da uwar da ɗan uwansa. Bayan tiyata za a sake sikanin a ji bugun zuciyar jariri, sai a ci gaba da awo. Kusan biyu cikin uku na jariran da ke mahaifa a irin wannan ciki suna kaiwa haihuwa, kuma bututun da ya rage yana isa a sake samun wani.