Gurbin da ke cikin idonmu

Da yawa daga cikinmu suna tsammanin ido shi kaɗai ne yake gani. Ba haka abin yake ba. Aikin ido ɗauko saƙo. Mai karanta saƙon ita ce ƙwaƙwalwa.

Ga yadda abin yake tafiya. Haske yana sauka a kan abu, misali zangarniyar hatsi, sai ya dawo ya shiga ido ta ƙaramar ƙofar nan baƙa da ke tsakiya. Bayan ƙofar akwai wani abu garau kamar gilashi. Shi ne yake tattara hasken, ya aza shi a kan wani siririn tantani da ke shimfiɗe can ƙuryar ido. Hoton yana sauka a kife, kai ƙasa, gindi sama. Daga nan jijiyar gani, wadda ta ƙunshi zaruruwa kimanin miliyan ɗaya, ta kai labari ga ƙwaƙwalwa, wajen ƙeya. A da, masana da dama sun ɗauka ido ne yake fitar da haske. Wani malami mai suna Ibn Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen shekara ta 965, ya kuma zauna a Alƙahira, shi ya nuna cewa shigowa hasken yake yi.

Ƙwaƙwalwa ba ta jiran cikakken labari. In saƙo ya zo da giɓi, sai ta cike shi da abin da ta saba. Shi ya sa manomi da ke komowa daga gona da almuru zai ga igiya a ƙasa ya yi tsalle, ya ce maciji ne. Kada a yi masa dariya. Wannan gaggawar ta ceci ƙafafu da yawa.

Yanzu ku gwada wani abu da kanku. Ku sami farar takarda. Ku zana gicciye a hagu, ku yi baƙin ɗigo kamar ƙwayar wake a dama, tsakaninsu faɗin yatsu huɗu. Ku rufe idon hagu da tafin hannu. Ku kafa wa gicciyen idon dama, kada ku waiwayi ɗigon. Ku miƙa hannu, sa'an nan ku riƙa jawo takardar wajen fuska sannu a hankali. Za a kai wani wuri inda ɗigon zai ɓace sarai. In kun ƙara matso da ita, sai ya sake fitowa.

Ina ya tafi? Wurin da jijiyar gani ta fita daga ido ba ya ɗaukar haske ko kaɗan. Kowane ɗan Adam yana da wannan gurbi a kowane ido. Wani masani na ƙasar Faransa, Mariyot, ya bayyana shi a rubuce a shekara ta 1668. Amma ku lura da kyau: lokacin da ɗigon ya ɓace, ba rami kuka gani ba, farar takarda kuka gani. Ƙwaƙwalwa ce ta yi faci, kamar yadda magini yake yaɓe tsagar bango.

A nan haɗarin yake. Akwai ciwon da ake kira hawan jinin ido. Suna ne kawai, ba hawan jinin da muka sani ba ne: yawanci ruwan da ke cikin ido ne ba ya fita yadda ya kamata, sai ya danne jijiyar gani. Irin wanda ya fi yawa ba ya zafi, ba ya sa ido ja. Daga gefe yake fara cin gani. Ƙwaƙwalwa tana ta faci, ɗayan idon yana rufa wa ɗan uwansa asiri, mutum ya yi shekaru bai sani ba. Sai ya fara karo da bakin ƙofa, ko amalanke ta zo ta gefensa bai gan ta ba. Yanar ido ana yi mata aiki, gani ya dawo. Jijiyar da ta mutu kuwa ba ta dawowa. Abin da magani yake iyawa shi ne tsare ganin da ya rage.

Ciwon ya fi kama baƙar fata, da wanda ya haura shekara 40, da wanda aka taɓa yi a danginsa. Duk wanda yake cikin waɗannan, ya je a auna idonsa ko da bai ji kome ba. Akwai masu duba ido a manyan asibitocin Yamai, Damagaram da Maraɗi. Gidan likita na kusa zai ba da takardar zuwa.

A gida kuma, lokaci lokaci ku rufe ido ɗaya ku dubi itace daga nesa, sa'an nan ku sauya. In kun ga bambanci, kada ku jira sai bayan kaka. Wannan gwaji ba ya maye gurbin awo a asibiti. Wanda aka rubuta wa maganin ɗigawa, ya ɗiga kullum, ya sayi wani tun kwalbar ba ta ƙare ba, kada ya daina sai da izinin likita.