Tausa: Inda Take Magani da Inda Take Cuta

Kin yini kina daka, ko turara shinkafa kamar matan Argungu, dare ya yi baya ya riƙe. To, nan tausa ke da amfani. A ɗumama man kaɗanya, a murza a hankali daga kafaɗa zuwa ƙugu na minti 10. Tsoka ta saki, barci ya yi daɗi. Maigida ma in ya dawo daga fadama, matsa masa ƙafa akwai lada. Shi ma ya yi miki, ba abin kunya ba ne.

Amma ke mai jego, ki kula. Cikin makonni 6 bayan haihuwa jini kan daskare a jijiyar ƙafa. In ƙafa ɗaya ta kumbura, ta ɗau zafi, sharaɓa na ciwo, don Allah kada kowa ya murza ta, ko ungozoma ce. Gudan jinin na iya ɓallewa ya tafi huhu ya toshe numfashi. A kai ki Asibitin Sir Yahaya a Birnin Kebbi, ko babban asibitin Argungu, a ranar.