Mai haɗa gem a Birnin Gwari, ga inda abokan aikinka suke

Wani matashi daga Birnin Gwari ya aiko da tambaya. Ya koyi haɗa wasan waya, abin da samari ke kira gem, da manhajar Godot a tsohuwar kwamfutar yayansa. Yana son ya yi wasa a kan dajin Kamuku, amma bai iya zane ba, bai iya kiɗa ba, kuma duk wanda ya yi wa maganar sai ya ce masa "Allah ya taimaka" ya wuce.

Ƙanena, kada ka ƙara tallan wasan da baki. Gani ya kori ji. Ka zauna ka haɗa minti biyu na wasan, ko da mafaraucinka ɗan akwati ne baƙi, giwar kuma da'ira. Ya yi gudu, ya yi tsalle, ya faɗi, a sake. Ka saka shi a wayarka, ka miƙa wa mutum ya taɓa. Mai zanen da ya ga akwatin yana motsi zai fara tunanin irin rigar da ta dace da shi tun kafin ka roƙe shi.

Kada kuma ka ce sai masu haɗa gem irinka za ka nema, don a yankinmu ba su da yawa. Ka nemi masu sana'ar da wasan ke buƙata. Mai zanen allon shago da bayan mota ya san launi, ya san yadda ake sa hoto ya fito daga nesa, kuma ƙaramin gilashin waya abin da yake so ke nan. Idan kana son wanda ya yi karatun zane, sashen zane-zane na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya cike yake da ɗalibai masu neman aikin da za su nuna. Yaron sutudiyo da ke haɗa waƙoƙin biki da FL Studio zai iya yi maka sautin taku da kukan tsuntsu. Labari kuwa, ka duba marubutan littattafan Hausa da ke sakin shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad, yawancinsu mata. Sun ƙware wajen sa mai karatu ya matsu ya ga shafin gobe. Ka yi musu magana da ladabi, da sanin mutanen gidansu.

Abokan aikin da na fi so ka nema su ne dattawa. Kamuku gandun daji ne tun 1936, a 1999 ya zama gandun daji na ƙasa, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 1,000. Akwai Dogon Ruwa, akwai Goron Dutse, akwai Tsaunin Rema. Shekarun rashin tsaro sun raba yara da yawa da waɗannan wurare, amma tsofaffin maharba da masu cire zuma da ma'aikatan gandun da suka yi ritaya suna nan cikin gari, sun san sawun kowace dabba da lokacin da kowane rafi ke ƙafewa. Haka dattawan ƙabilar Kamuku da na Gbagyi, waɗanda labarin duwatsun nasu ne. Ka je da goro, ka nemi izinin naɗar muryarsu, ka sa sunayensu a wasan in sun yarda. An yi irin wannan a Alaska ta Amurka: wasan Never Alone da ya fito a 2014 da dattawan ƙabilar Inupiyat aka gina shi, kuma hirarsu na cikinsa. Kada ka shiga dajin da kanka don ɗaukar hoto. Sannan ina roƙonka, kada ka mayar da shi wasan harbin 'yan bindiga. Wanda zai buga shi a garinku wataƙila gonarsu aka sayar don biyan kuɗin fansa.

Maganar kuɗi a yi ta tun babu kuɗin. Ka faɗa wa kowa gaskiya: albashi babu, wasan kuma yana iya fita bai kawo ko sisi ba. In kaso za a raba, a rubuta a takarda gaban shaidu biyu: kason kowa, wa ke da mallakar zanen, da abin da zai faru in wani ya tafi hidimar ƙasa ko wata ta yi aure aiki bai ƙare ba. In kana da ɗan hali, biyan mai zane kan kowane hoto ya fi alkawarin kaso kwanciyar hankali. Kafin a ƙulla, ka ba mutum ɗan aiki na mako guda. Wanda ya kawo a kan lokaci, ko aikin bai kai yadda kake so ba, ya fi gwanin da sai ka yi ta bin sa.

Ka tsara aikin yadda rashin sabis ba zai kashe shi ba, ka tuna yadda aka rufe layukan waya a yankin a 2021. Kowa ya ajiye nasa a filashi, a riƙa turo hotuna marasa nauyi.

Idan hanya ta yi kyau ka leƙa cibiyar fasaha ta CoLab a Kaduna, ka kuma shiga Global Game Jam da ake yi duk watan Janairu, inda ake haɗa wasa cikin awa 48 da mutanen da ba ka taɓa gani ba. Kamfanin Maliyo Games na Legas yana horar da matasa ta intanet a shirin GameUp Africa. Ɗora wasa a shafin itch.io kyauta ne. Google Play kuwa dala 25 ne sau ɗaya, kuma sabon asusu sai mutum 12 sun gwada wasan kwana 14 kafin a bari ya fita. Su ma sha biyun nan tun yanzu ka fara tara su, a shagon cajin waya da gidan kallon ƙwallo, ka rubuta irin wayar kowa, don wasan da ya tashi a Tecno mai ƙaramin ƙarfi zai tashi a sauran.