Gashin Ƙashi: Kuɗin Aljihu Ko Inshora?

Duk mai aiki a sashen gashin ƙashi ya saba da tambayar nan: "Likita, in biya da kuɗina ne ko in jira inshora?" Ra'ayina shi ne mai inshora ya riƙe ta don doguwar jinya, amma kada ya bari makonnin farko su wuce yana jiran takarda. Aikinmu na maimaici ne. Wanda ɓarin jikinsa ya shanye yakan zo sau biyu ko uku a mako, wata da watanni, kuma yawancin motsin da zai dawo masa a watanni uku zuwa shida na farko yake dawowa. Mai biya daga aljihu yakan fara da ƙarfinsa, 'yan'uwa sun yi karo-karo, sai ga kuɗin kowane zuwa, ga na adaidaita sahu, ga ɗan rakiyar da ya rufe shagonsa. Kafin wata na biyu ƙafa ta ɗauke. Bayan rabin shekara a dawo da shi, yatsu sun dunƙule cikin tafi, gwiwar hannu ta ƙi miƙewa, ƙafa tana jan ƙasa. A ƙasar da sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin kula da lafiya daga aljihun jama'a yake fita, ba za a kira wannan sakaci ba. Ƙarfi ne ya ƙare.

Masu sukar inshora suna da hujja, kuma ba zan rage mata nauyi ba. Dokar 2022 da ta kafa hukumar NHIA ta wajabta inshorar lafiya, jihohi ma suna da nasu tsarin, kamar KSCHMA a Kano, amma gashi ba ya cikin abin da ake yi kai tsaye a matakin farko. Sai asibitin da mutum ya yi rajista ya tura shi, kamfanin HMO mai gudanar da inshorar ya ba da lambar izini, kuma sau da yawa akan ƙayyade sau nawa za a biya masa. Gwiwar da aka cire wa filasta ba ta jiran lamba, sandarewa take yi. To amma maganin wannan jinkiri ba yar da katin inshorar ba ne. A biya kuɗin ganin farko, a auna majinyaci, a koya wa mai jinyarsa yadda zai kwantar da shi, ya juya shi, ya motsa masa gaɓoɓi a gida safe da yamma, a lokaci guda kuma wani daga cikin iyali ya bi sawun lambar. In adadin da aka amince ya kusa cika, likitan gashi zai iya rubuta rahoton ci gaban da aka samu a nemi ƙari, kuma mutane da yawa ba su san da wannan ba.

Akwai masu cewa wanda ya biya lakadan an fi kula da shi. A wasu wuraren yakan samu lokacin da ya zaɓa, har a bi shi gida, kuma ga mai ciwon baya da zuwa kaɗan zai ishe shi, biyan kai tsaye na iya fi masa sauƙi. Sai dai tsada ba ta tabbatar da ƙwarewa. Wanda duk zai taɓa majinyaci, a gida ko a asibiti, a nemi ganin lasisinsa na hukumar MRTB mai yi wa masu aikin gashi rajista, a kuma tambaye shi tun ranar farko sau nawa yake hasashen za a zo, da abin da ake sa ran gani bayan wata guda.