Yadda A Ke Ƙidayar Ƙwarin Ruwa A Tafkin Kainji

Tun da aka datse Kogin Kwara a Kainji a shekarar 1968, ruwa ya taru ya zama tafki mai tsawon fiye da kilomita 130, har ya kai ƙasar Yauri. A cikinsa akwai waɗansu halittu ƙanana ƙwarai, waɗanda ido ba ya rarrabe su sai da madubin ƙara girma. Su ne abincin 'ya'yan kifi da na warangi. In sun ƙaranta, ƙananan kifi su rasa abinci, bayan 'yan watanni kuma masunci ya ga alamar abin a komarsa. Saboda haka ne masana, irin na Cibiyar Binciken Kifi ta New Bussa, su kan ƙidaya su.

Da farko a kan zaɓi wurare a tafkin, a riƙa komawa can kowane wata, kuma a lokaci guda na yini. Dalili kuwa shi ne ƙwarin nan su kan nutsa ƙasa da rana, su taso sama da dare. Wanda ya ɗiba yau da hantsi, wata mai zuwa da almuru, lissafinsa ya ɓaci tun bai fara ba. A kan zura wata koma mai siffar mazurari, mai ido ƙanana kamar na rariyar alharini, a jawo ta a hankali daga ƙasa zuwa sama. Abin da ya taru a ƙwalbar da ke gindinta sai a zuba masa magani don kada ya ruɓe, a rubuta wuri da rana da zurfi, sa'an nan a kai ɗakin bincike a ƙidaya iri iri.

Ƙidayar kaɗai ba ta wadatar ba, sai an haɗa ta da halin ruwan. A kan auna zafinsa, a kuma saukar da wani farin faifai da igiya har ya ɓace wa ido, a auna tsawon igiyar. Wannan awo ya fi muhimmanci a Kainji, domin cikar Kwara biyu ce. Farin ruwa ya kan zo da damina da laka mai yawa, ya tare hasken rana, tsiron da ƙwarin ke ci ya ragu. Baƙin ruwa kuwa, wanda ya taso tun daga ƙasar Gini, sai wajen Disamba ya ke isowa, ya riga ya tace a fadamun Mali. Wajen Shanga da Yelwa, inda ruwa ke gudu, ƙwarin ba su kan yi yawa kamar a faɗin tafki wajen tsibirin Foge ba.

Ya kamata hakimi ya sanar da sarkin ruwa da masunta cewa masu awo ba haraji ya kawo su ba, kada kuma kowa ya tumɓuke alamar da suka kafa. Magatakarda kuwa ya riƙa rubuta ranar da ruwa ya fara cika, da ranar da ya sake launi, da ranar da aka ga matattun kifi a gaɓa, ya miƙa wa masu awo in sun zo.