Amsoshin Tambayoyinku: Dutsen da ya faɗo daga sama, ajiya ko sayarwa?

Wani mai sauraronmu daga Jekadafari a Gombe ya ce yana tara duwatsun da ke faɗowa daga sama, yana tambaya ko sha'awar za ta iya zama sana'a.

To Malam, ƙasarmu ba baƙuwa ba ce a wannan harka. A 1984 wani dutse ya faɗo a Gujba, nan maƙwabtanku Yobe, mutanen gari suka farfasa shi suka rarraba. Na Zagami a Katsina, wanda ya faɗo a 1962 da nauyin kilo 18, daga duniyar Mars ya fito. Kuɗi kuwa akwai: wanda aka tsinta a yankin Agadez an yi gwanjonsa a New York a 2025 kan sama da dala miliyan 5, har gwamnatin Nijar ta buɗe bincike kan yadda ya fita daga ƙasar.

Amma a yi hattara. Yawancin abin da ake kawowa da sunan dutsen sama marmara ce ko baƙin dutsen tsaunukan Biu. Na gaske yakan yi baƙin ɓawo kamar an babbake shi, da nauyi, kuma galibi maganaɗisu na kama shi. Kada ka wanke shi, kada ka fasa. Rubuta rana da wurin da ka same shi, ka kai wa masana duwatsu a Jami'ar Jihar Gombe su duba, domin dillalan waje suna karya farashin dutsen da ba shi da shaida.

Shawarata, kada ka saki sana'arka ta yau da kullum saboda wannan, ciniki ne na jefi-jefi. Idan dutsen ya tabbata, a yanka maka da zarton masana, ka sayar da yanki, ka ajiye sauran.